Ranar da Unguwarmu Ta Tsallaka Titi

Tsakanin ƙofar gidanmu da shagon Baba taku sittin da huɗu ne. Na san haka domin ƙirge ne aikina, kuma na auna da ƙafata ranar da wata tirela ta faɗi aka rufe hanya. Shekara talatin da ɗaya Baba yana yin wannan tafiyar sau huɗu a yini, tef ɗin awo a wuyansa, yana tsayawa gaisuwa a tsakiyar titi kamar yana tsakar gidansa. Sai aka zo aka faɗaɗa titin. Layi biyu ya koma shida, uku na zuwa uku na dawowa, aka bar wani siririn dakali a tsakiya wanda ko akuya sai ta tattara ƙafafunta kafin ta tsaya a kai. Manya suka zo suka yanka kintinkiri, suka shiga motocinsu suka bi sabon titin suka tafi, ba wanda ya tambayi yadda za mu riƙa zuwa wancan hannun.

Wancan hannun kuwa can kasuwa take, can asibiti yake, can makarantar yara take. Mu ba mu da komai a namu sai gidajen kwana da wani gidan mai.

Baba tela ne. Shekararsa saba'in da ɗaya, gwiwarsa ta hagu kuma ta girme shi da kamar shekara goma, da sanda yake tafiya. Na taɓa riƙe agogo na duba: sai ya yi sakan arba'in kafin ya cinye tafiyar da ta kai faɗin titin, motocin kuwa ba sa barin tsakanin da ya wuce sakan shida. Ko ba ka je makaranta ba ka san wannan lissafin ba ya fita. Sau uku ya gwada. A na ukun ya maƙale a kan dakalin nan kusan rabin awa, rana na dukansa, iskar manyan motoci na kaɗa masa riga, har sai da maƙwabcinmu Mai Faci ya shiga da jan tsumma ya ɗauko shi. Daga ranar Baba ya fito da kujera ya dasa a ƙofar gida, ya zauna yana kallon shagonsa a rufe.

Wata takwas ya yi a haka. Ya rame, ya koyi faɗa, ya koma duk wanda ya wuce sai ya kushe masa ɗinkin riga. Na ce a je a ɗauko masa keken ɗinkin a sa a ɗakin zaure, ya dube ni kamar na ce a mayar da shi ƙauye.

“Auta, ni ba allura na rasa ba,” ya ce. “Wa zai tsallako wannan masifar ya kawo min ɗinki? Wa zai zauna min a benci mu yi gardama? Shago ai ba keke ba ne.”

Ana cikin haka mai ginin ya aiko. Bai yi rashin mutunci ba, ya dai ce shago a rufe ɓeraye ne ke cin moriyarsa, ga wani mai sayar da wayoyi ya dame shi. In har ƙarshen wata mai zuwa Baba bai dawo yana buɗewa ba, sai dai a yi haƙuri a kwashe kaya. Baba ya ce to, ya gode. Ranar bai ci abinci ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne inda nake aiki. Sunan wurin Sashen Kula da Masu Tafiya a Ƙasa da Masu Keke. Mu goma sha huɗu ne, kuma goma sha uku da mota suke zuwa. Ni ce ta sha huɗu, bas nake hawa, shi ya sa duk aikin da ya shafi tsayuwa a rana ni ake ba, wai na saba. Babban abin alfaharinmu shi ne layin keke da muka shafa wa koren fenti a gaban ofis, tsawon gini ɗaya, ya fara daga bakin kwata ya ƙare a jikin turken lantarki. An ɗauki hotonsa an sa a kalanda. Da yake wajen akwai inuwa, a kansa Darakta yake ajiye motarsa, sauran kuma su jera a baya bisa girman muƙami. Keke ɗaya na taɓa gani a kan layin, shi ma aro shi aka yi ranar hoton.

Mai Faci ne ya tare ni wata yamma na sauko daga bas. Rumfarsa tana jingine da katangarmu, gyaran keke yake yi tun ina rarrafe.

“Auta, wai ofishin nan naku me ake yi a ciki ne?” ya ce. “A da keke ashirin nake gyarawa a yini. Yanzu masu keken duk sun rataye su a bango, wanda bai rataye ba kuma an rataye masa ƙafa a asibiti. Tayar baro nake faci, ni da girmana. Ga ubanki can ya zama maigadi ba albashi.”

“Kawu, ni ƙaramar ma'aikaciya ce.”

“Ƙaramar ma'aikaciya ba ta da baki?”

Washegari na shiga ofishin Injiniya. Mutum ne mai sanyin murya, ba a taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba, kuma ba a taɓa jin ya ce wa kowa e ba. Shi ke riƙe da Littafin Ƙa'ida, kwafi ɗaya tak a duk sashen, a kulle cikin durowarsa. In kana da tambaya ba ya ba ka littafin. Sai ya juya maka baya ya buɗe, ya nemo shafin da ya ga ya dace da kai, ya kwafa maka shi kaɗai ya miƙo, kamar mai ba da magani a asibiti. Ni shafi na arba'in da bakwai aka ba. Shafin ya ce duk inda mutum ɗari biyu ke tsallaka titi cikin awa ɗaya, za a yi farin zanen tsallakawa a kuma kafa danja mai tsayar da motoci.

“Je ki ƙirga,” ya ce.

Na sa rigata mai sheƙi, na ɗauki 'yar na'urar ƙarfen da ake dannawa da babban yatsa, na zauna kusa da kujerar Baba daga takwas zuwa tara. Shi ma ya ɗauki aikin da muhimmanci.

“Ga wani can! Danna, danna. A'a, tsaya, ya fasa.”

Mutum goma sha ɗaya suka tsallaka. Takwas samari ne da suka falfala da gudu, biyu mata ne da suka riƙe hannun juna suna salati, na ƙarshen kuma wani bawan Allah ne mai taɓin hankali da motoci suka saba kauce masa. Waɗanda suka zo bakin titin suka tsaya, suka leƙa dama suka leƙa hagu, suka girgiza kai suka koma, sun fi ɗari. Fom ɗin ba shi da gurbinsu.

Injiniya ya duba takardar ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa labari mai daɗi.

“Kin gani ko, Malama? Ba wanda ke tsallakawa a wurin. Don me za a yi zane?”

“Tsoro ne ya hana su, Injiniya.”

“Littafi bai ce a ƙirga tsoro ba.” Sai tausayi ya kama shi. “Akwai dai wata hanya. In mota ta kashe mutum uku a wuri ɗaya cikin shekara ɗaya, ba sai an yi ƙirge ba. Nawa kuke da su?”

“Ɗaya. Sai wata mata da ta karye a ƙugu.”

“Karaya ba ta shiga,” ya ce. “Saura biyu ke nan.”

Na fito cike da fushi. Amma kafin in fito sai da na roƙe shi a sake ƙirgen, na ce ranar an tashi da hadari, mutane ba su fito ba. Ya ce littafi ya yarda a maimaita sau ɗaya. Ya ba ni Talata, takwas zuwa tara.

Ranar Asabar da la'asar aka taru a rumfar Mai Faci. Na karanta musu shafin, na faɗi abin da Injiniya ya ce har da saura biyun, aka yi ta Allah ya isa. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mahaifiyarmu, ita ta fara gane inda na dosa.

“Wai mutum ɗari biyu ne kawai ake nema?” ta ce. “Mu da muke cika gidan biki ba a gayyace mu ba? Ke dai ki gyara yatsanki.”

Na yi musu bayani cewa na'urar ba ta san fuska ba, wanda ya je ya dawo mutum biyu ne a wurinta. Na ce da zarar an kai ɗari biyu an gama, kowa ya kama gabansa.

“Wane ɗari biyu?” in ji Mai Faci. “A ba su har su ƙoshi. Yawan mai ba ya ɓata miya.”

Aka yi dariya, ni ma na yi, ni da nake ganin na fi kowa ilimi a rumfar.

Talatar nan ba zan manta da ita ba. Tun bakwai da rabi bakin titi ya cika. Mai Faci ya ɗaura jajayen tsummoki a kan sanduna biyu, ya riƙe ɗaya ya ba wanzamin unguwa ɗaya. Ƙarfe takwas daidai suka shiga titi suka ɗaga, motar farko ta ci burki da ƙara, ta bayanta ma haka, sai ga hanya ta buɗe. Mutum ashirin ashirin ake shiga, a riƙe da hannun juna. Suna kaiwa wancan hannun a saki motoci su ɗan wuce, a sake ɗaga tsumma, a dawo. Wanzamin ya taho da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske, da ƙyalle a wuya. Masu keke suka sauko da su daga bango, tayoyi a sace, sarƙa ta yi tsatsa, suna turawa suna kaɗa ƙararrawa. Gwaggo kuwa duk bayanin da na yi bai shige ta ba. Mayafi shida ta zuba a jaka, duk zuwa sai ta ɓuya bayan rumfa ta canza, ta wuce ni tana ɗingishin ƙarya don kada in gane ta.

A rukuni na uku Baba ya shiga. Ya sa rigarsa mafi kyau, wadda ya ɗinka wa kansa, ya rataya tef a wuya. Ya yi sakan arba'in ɗinsa cif, ba wanda ya ce masa ya yi sauri, har ya tsaya a tsakiya ya gaisa da wani. Daga inda nake na ga ya ɗaga ƙofar shago, ƙura ta taso, ya goge benci da hannun rigarsa, tsofaffi uku suka zauna. Na ga ya zauna a bakin keken ɗinkinsa, ƙafarsa mai lafiya ta fara takawa. Ban ji ƙarar ba saboda ham ɗin motoci, amma na san ta. Na yi kuka, ban ɓoye ba, ina kuka ina dannawa.

Takwas da minti ashirin na'ura ta nuna ɗari biyu. Na miƙe na ɗaga hannu in ce ya isa, sai suka ɗauka jinjina nake musu, suka yi shewa suka ƙara shiga. Gaskiya ban sake gwadawa ba. Daɗi nake ji. Wata takwas titin nan yana wulaƙanta mu, ranar ya tsaya mana kamar yaron da aka tsawatar.

Motoci kuwa sun yi layi har inda ido ba ya kaiwa. Wajen tara saura kwata wata baƙar mota ta iso daidai inda nake, gilashin baya ya sauka kamar faɗin tafin hannu, sanyi ya bugo min fuska. Darakta ne. Daga baya na ji ashe wani otal ya nufa, inda zai gabatar da jawabi a taron da aka shirya kan yadda za a sa tituna su zama masu maraba da mai ƙafa da mai keke. Sai da aka gama shan shayi ya isa.

“Malama, me ake yi a nan? Zanga-zanga ce?”

“Ranka ya daɗe, titi suke tsallakawa.”

“Da izinin wa?”

Gilashin ya koma sama. Daidai lokacin Gwaggo ta bi ta gaban motarsa da mayafi na biyar, tana ɗingishi.

Ƙarfe tara na duba na'ura: ɗari shida da goma sha biyu. Aka dawo da Baba a rukunin ƙarshe, da zare a jikin rigarsa, yana ba Mai Faci labarin gardamar da suka yi a benci. Ranar sau biyu ya nemi ƙarin abinci. Ni kuma na zauna na cike fom. Ba wanda ya ga na'urar sai ni, da na ga dama da na rubuta ɗari uku, ba mai tambayata. Amma ina so Injiniya ya gani ya ji kunya. Na rubuta ɗari shida da goma sha biyu da manyan lambobi, na ja layi biyu a ƙasa, na sa hannu.

Ranar Alhamis aka kira mitin. Wannan ne karo na farko da aka ba ni kujera a teburin, da can a bakin ƙofa nake tsayawa da fayil. Darakta ya ce shi da idonsa ya ga halin da ake ciki a wurin, kuma abin ya tayar masa da hankali matuƙa, domin minti arba'in ya yi a cikin mota. Ya ce a yaba wa Malama. Aka yi min tafi. Injiniya ya buɗe jakarsa ya fito da Littafin Ƙa'ida gaba ɗayansa, ranar na fara ganin kaurinsa. Ya lashi yatsa ya wuce shafina, ya tsaya a na arba'in da takwas.

“Inda masu tsallakawa suka haura ɗari biyar a awa,” ya karanta da sanyin muryarsa, “zane da danja ba su dace ba, domin za su riƙa tsayar da motoci fiye da kima. Gada ake ginawa ta sama. Kafin a gina, a kafa shinge a tsakiyar titi don kare rayukan jama'a.”

Na ɗaga hannu.

“Yaushe za a gina gadar?” na tambaya.

“Gada ba a hannunmu take ba, sai an rubuta sama. Akwai ashirin da biyu a gabanku.” Ya rufe littafin. “Shinge kuwa muna da shi a sito.”

“Kuma gadar matakala nawa ce?”

“Arba'in da biyu hawa, arba'in da biyu sauka.”

“Mai sanda fa? Mai keke fa?”

“Motsa jiki ne,” in ji Darakta. “Likitoci ma suna so.”

Na miƙe tsaye ba tare da na san na miƙe ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, mutanen nan ba su kai haka ba. Su ne dai suke kai da komowa. Gwaggona kaɗai sau goma sha ɗaya ta wuce.”

Injiniya ya ɗauko fom ɗin ya ɗaga shi sama yadda kowa zai ga layina biyu.

“Ban gane ba, Malama. Kina nufin ƙirgen ƙarya kika kawo wa ofis, da sa hannunki a kai? Don in haka ne akwai shafin da ya yi magana a kan wannan ma.” Ya ɗora hannu a kan littafin yana jira.

Ina so in ce na tsaya na ce e, ƙarya ce, ku yi abin da za ku yi. Ban ce ba. Na tuna ni kaɗai ce mai aiki a gidanmu, na tuna shekara huɗu na yi ina neman wannan aikin na tsayuwa a bakin ƙofa. Na ce a'a, ba haka nake nufi ba, ƙirgen daidai ne. Na zauna. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta gama sakina ba.

Ofishin da ya yi shekara biyu bai gyara famfon banɗakinsa ba, cikin kwana tara ya kafa shinge. Ƙarfe ne ya fi tsayin mutum, da tsini a sama, kilomita biyu daga shataletale har bayan gidan mai. Samarin da ke tsallakawa da gudu ma sun huta. Aka rataya allo biyu a jiki, ɗaya ya ce lafiyarmu ita ce burinsu, ɗayan ya ce nan za a gina gada. Ni kuma aka ba ni takardar yabo mai tambari, aka ce sunana zai shiga rahoton shekara. Garin neman gira mun rasa ido, kuma ni ce na kai rahoton idon da hannuna.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ba wanda ya san ofishin Darakta a unguwarmu, amma kowa ya san tashar da nake sauka daga bas. Wanzami ya daina amsa gaisuwata. Matan da suka yi shewa ranar Talata suka ce dama ni aka turo in yi musu wayo. Gwaggo ta yi kwana uku ba ta yi min magana ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihinta. Mai Faci ne kaɗai ya ce laifin na kowa ne, shi ya kawo maganar mai da miya, amma ko shi yana faɗa ne yana kallon tayar baro, bai dube ni ba. Baba kuwa ya koma kujerarsa ta ƙofar gida. Na so ya yi faɗa, na ba shi dama sau da yawa, ya ƙi.

Ranar ƙarshen wata na nemo ƙaramar motar kaya don mu kwaso keken ɗinki da benci. Na ce Baba ya zauna ni zan je, ya ce ban san abin ɗauka da abin bari ba. Muka matsu a gaba mu uku, ni a tsakiya, shi a bakin taga da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Shagon yana nan a gabanmu ta tsakanin ƙarafa, har lambar ƙofarsa ana karantawa, amma sai da muka juya masa baya muka miƙa kilomita biyu zuwa shataletale kafin mu kamo hannunsa.

Direban saurayi ne mai son hira, rediyonsa a kunne. Muna zagaya shataletalen sai ga muryar Darakta. Yana cewa tun da aka kafa shingen ba a sake kaɗe ko mutum ɗaya a wurin ba, kuma wannan nasara ta samu ne da ƙwazon wata ma'aikaciyarsu, wadda ta zauna a rana ta ƙirga mutum ɗari shida da goma sha biyu suna jefa rayuwarsu cikin haɗari a awa ɗaya.

“Wallahi gaskiya ya faɗa!” in ji direban, ya bugi sitiyari. “Baba, ranar nan ina cikin layin, da kankana cike da mota. Ka ga mutane kamar an buɗe garke. Har da wani tsoho mai sanda, ya tsaya a tsakiyar titi yana gaisuwa, kai ka ce titin ubansa ne. Yanzu kuwa dubi, sai ka rufe ido ka taka. Ni dai yarinyar nan da ta ƙirga su, ko 'yar wane ce, Allah ya yi mata albarka.”

Na sunkuyar da kai ina kallon gwiwoyina. Direban ya leƙo ta gabana.

“Baba, ba ka ce amin ba.”

Baba yana kallon waje, ƙarafan shingen suna wucewa ta gilashi.

“Amin,” ya ce. “Allah ya yi mata albarka.”

Da gaske ya faɗa, na san muryarsa in yana gatse kuma ba ita ba ce. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Motar ta tsaya a ƙofar shagon, na sauka ta wajen direba na zagayo na riƙe masa hannu har ya dafa sandarsa ya tsaya. Ya dubi ƙofar, sannan ya juya ya ce wa direban kada ya kashe mota, ba za mu daɗe ba.